Zabibi Uku a Akwatin Magani

Akwai wata budurwa a garin Plovdiv, sunanta Tsvetelina. Shekara huɗu ta yi a wani ƙaramin kamfanin manhajar waya, aikinta amsa kiran masu ƙorafi. Ta sha zagi, amma ta iya sauraro.

Da kamfanin ya samu kwangilar yin manhajar da za ta riƙa tuna wa tsofaffi lokacin shan magani, sai shugabar kamfanin ta ba ta sabon aiki: ta binciko yadda mutane za su ji da manhajar kafin a sake ta. Ba ta taɓa yin irinsa ba.

Wanda ya tsara manhajar kuwa shi ne Lyuben, gwani ne na gaske, kuma ya san shi gwani ne. Da ya ji labari sai ya kwashe da dariya.

"Tsveti, shekara goma sha biyu ina wannan aiki. Yanzu mai ɗaga waya ce za ta duba ni? Saura mako biyu a saki abu, kada ki ɓata mana lokaci."

Washegari ta sayi banitsa mai zafi, wani gashin fulawa mai cuku a ciki, ta nufi zauren da 'yan fansho suke taruwa a unguwarsu. Ta nuna musu manhajar ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Ya kuka gani? Ta yi kyau?"

Kowa ya ce ta yi kyau. Har da mai tafi.

Tana haɗa jakarta sai wata tsohuwar malamar lissafi, Kaka Penka, ta riƙo hannunta.

"'Yata, kin ciyar da mu, sannan kin tsare mu da ido kina murmushi. Wa zai ce miki aikinki bai yi ba? Ni da nake koyarwa ban taɓa tambayar ɗalibi ko ya gane ba. Alli nake miƙa masa."

Maganar ta shige ta. Kwana biyu ta yi tana shiri, sannan ta koma da akwatin magani da ta cika da zabibi a madadin ƙwayoyi. Ta zaɓi mutum biyar, ta nemi izinin ɗaukar hoton bidiyon hannayensu kawai.

"Idan waya ta yi ƙara, ku yi abin da za ku yi a gida. Ba ku nake gwadawa ba, manhajar nake gwadawa. Ni kuma bebiya ce yau."

Na farko shi ne Baba Kolyo, tsohon direban bas. Waya ta yi ƙara, ya ci zabibi ɗaya, ya danna fuskar wayar, ƙarar ta tsaya.

Tsvetelina ta ga kuskuren nan take. A tsarin Lyuben, sai ka ja yatsa gefe kafin manhajar ta san ka sha magani. Dannawa kawai na nufin a tuna maka anjima. Bakinta ya yi ƙaiƙayi, amma ta danne.

Bayan minti goma waya ta sake ƙara. Baba Kolyo ya ɓata fuska.

"Ashe ban sha ba? Kai, tsufa!" Ya jefa zabibi na biyu a baki.

Da ƙwaya ce ta gaske, da sau biyu ke nan ya sha. Ta tambaye shi wane magani yake sha a gida. Ya ce na zuciya.

Cikin mutum biyar, huɗu haka suka yi.

A taron ranar Juma'a ta kunna hoton. Lyuben ya kaɗa kai.

"Mutum biyar ne fa! Za mu rubuta musu bayani, za su koya. Ko ke kika ruɗa su."

Tsvetelina ba ta ja da baya ba.

"Wataƙila ni na ruɗa su. Ga akwatin, ga zabibin. Ka gwada da wanda ka yarda da kaifin basirarsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ce masa komai."

Ya karɓa yana murmushin raini. Ya ce gobe ma zai je ƙauye wajen mahaifinsa, injiniya ne mai ritaya, a nan za ta ga bambanci.

Ranar Litinin Lyuben ya riga kowa zuwa ofis. Tsvetelina ta shigo ta tarar da shi tsaye a gefen teburinta. Ya ajiye akwatin a hankali.

"Uku ya ci," in ji shi. "Uku, Tsveti. Ina zaune a gabansa. Kuma da na yi masa bayani, haƙuri ya ba ni. Wai kansa ne ya daina aiki."

Sannan ya jawo kujera.

"Nuna min abin da kika rubuta. Duka."

Shugabar kamfanin ta ɗage sakin manhajar da mako uku. Suka cire jan yatsa, suka sa babban maɓalli mai rubutu ɓaro-ɓaro: NA SHA. Idan an danna, sai wayar ta nuna ƙarfe nawa aka sha, kuma ba za ta sake ƙara ba sai lokacin na gaba. Tsvetelina ta gwada da sababbin mutum biyar, aka gyara girman rubutu, ta sake gwadawa da wasu biyar. Babu wanda ya maimaita.

Ranar da aka miƙa aikin, wakilin masu kwangilar ya yaba ƙwarai, ya juya wajen Lyuben ya ce, "Yaya aka yi ka hango wannan haɗari?"

Lyuben ya miƙe tsaye.

"Ban hango ba. Ni na haƙa ramin da hannuna. Ga wadda ta gano shi can. Daga yau duk abin da na zana, sai ya bi ta hannunta kafin ya kai ga mutane."

Kowa ya waiwayo. Tsvetelina ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tashi ta zo gaban allo, ta yi musu bayanin yadda aka yi daga farko har ƙarshe.

Darasi: Komai ƙwarewarka, ba kai ne za ka yi amfani da abin da ka ƙera wa mutane ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, domin kunya za ta sa su ce e. Ka miƙa musu shi, ka kama bakinka, ka kalli hannayensu. Kuma kada ka raina sabon shiga, mai yiwuwa shi ne zai ga abin da idonka ya tsallake. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana yin abu domin amfanin jama'a.