Manomi Makaho da Tsohuwa Mai Daddawa

A wani ƙauye an yi wani manomi makaho. Ya tufka doguwar igiya ta rama, ya ɗaura ta a kan turaku tun daga ƙofar gidansa har bakin gonarsa. Kowace safiya sai ya kama ta ya bi, fartanya a kafaɗa, yana 'yar waƙarsa.

Ga shi kuwa, waɗansu mutum biyu sun tsane shi, wai ganin makaho da safe ne ke hana su sa'a. Ran nan yana can yana noma, suka tumɓuke turakun, suka karkatar da igiyar zuwa ramin da ake haƙar ƙasar gini. Da ya taso ya bi igiyarsa, sai ya faɗa ciki. Yana kwance yana jin dariyarsu.

Ƙafa ta warke, amma tsoro ya ƙi barinsa. Ko an sa masa igiya a hannu, sai ya sake ta. Maƙwabta, bayin Allah, suka yi ta kawo kunu suna cewa ya zauna ya huta, ciyawa kuwa tana cinye geronsa.

Amma wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ga abin da aka yi. Ta je gaban mai unguwa ta faɗi sunayensu, aka hukunta su, suka mayar da turakun a idon jama'a. Sa'an nan ta zo wurinsa ta ce, “Tashi, ɗan nan. Kunu ba zai nome maka gona ba.”

Ya ce, “Iya, tsoron igiyar nake ji.”

Ta ce, “Ba kai ne kullum kake tsokanata, wai tun daga nesa kake jin warin daddawata ba? To, yau shi za ka bi.”

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga gaba, ya biyo ta yana dariya, hannu ɗaya a kan igiya. Kwana bakwai suna haka. A na takwas ta tsaya a ƙofa, ya wuce shi kaɗai yana waƙarsa.

Ƙaunatattu, ga ma'anar misalin. Igiyar nan ita ce yardar da naƙasasshe yake yi da mu. Mai ƙiyayya yakan ji masa ciwo a jiki, ya kuma kashe masa wannan yarda. Sannu da kunu suna da kyau, amma Ubangiji yana so mu ba da shaida, mu kuma taka tare da shi har tsoro ya sake shi. Tsohuwar nan daddawa kawai gare ta. Kai fa, me kake da shi?