Aku Da Itacen Bakin Ƙofa

An yi wani mutum mai sana'ar renon dashen itatuwa, yana da 'ya'ya maza biyu. A tsakar gidansa akwai aku mai jar wutsiya a cikin keji. A bakin ƙofa kuma akwai wani dogon itace mai ganye sirara kamar allura, wanda ba ya kaɗewa ko ana tsananin sanyi.

Babban ɗan akwai baki, ya iya ba mutane dariya. Ƙaramin kuwa shiru-shiru ne, sai aiki. In uban ya yi baƙi sai ya ce, "Wannan shi ne akuna, ga ado ga murya. Wancan kuwa itacen ƙofa ne, ba 'ya'yan ci, ba inuwar kirki." Ba ya kiransa da sunansa, kullum sai "Kai, itacen banza!"

Ya 'yan uwa, na sha zama a gidan nan. Na yi dariya tare da masu dariya, har yau in na tuna kunya ce ke rufe ni.

Ana nan sai ɓarin jikin uban ya shanye, magana ta ɗauke. Babban ya yi sati biyu yana jinya, ya ce aiki na kiransa, ya tafi. Ƙaramin ne ke juya shi, shi ke canja masa shimfiɗa.

Wata safiya na je dubiya, na tarar da ɗan a durƙushe yana wanke wa uban ƙafafu da ruwan ɗumi. Sai akun ya buɗe baki da muryar uban sak: "Kai, itacen banza!"

Ɗan bai ɗago ba. Ya ce, "Na'am, Baba."

Uban ya yi ta motsa leɓe yana hawaye, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Na ja ɗan gefe na ce ya fitar da tsuntsun nan daga gidan. Ya ce, "Malam, a bakinsa kaɗai nake jin muryar Baba yanzu."

Shekara uku uban ya yi a kwance yana jin zaginsa na fita daga keji, har ya rasu bai iya cewa "ka yafe mini" ba.

Wa ya ba ka tabbacin harshenka zai kai gobe? Ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Wanda ya laƙaba wa ɗansa mugun suna, ya koma gida yau ya janye shi tun yana da baki.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin harsunanmu, amin.