Rariyar Maman Keziya

Akwai wata mata da mijinta, mutanen can cikin ƙasa ne, inda mutum zai yi tafiyar kwana da kwanaki bai ga ruwan da ya fi rafi ba. Neman abinci ya kai su wani gari a bakin teku. Mijin ya sami aiki wurin masu gyaran jiragen kamun kifi, matar kuwa tana gida da 'yarsu mai rarrafe, sunanta Keziya. Da sunan yarinyar aka san su a unguwa, Baban Keziya da Maman Keziya.

Garin nan ba shi da zafi mai ƙuna, ba shi kuma da sanyi mai sa haƙora kaɗawa. Amma yana da wani hali da baƙo ba ya saninsa sai ya shekara. A ƙasar su Maman Keziya, in an yanke gero an kai dawa rumbu, sama ta kama bakinta ke nan sai baɗi. A nan kuwa, sai sanyi ya fara shigowa sa'an nan ruwa yake tahowa daga teku.

Gidajen unguwar a jikin tudu suke, wani bisa wani, guda bakwai. Ruwan da ya sauka a kan tudun ba shi da hanya sai ta cikin gidajen. Saboda haka kowane gida yana da rariya, wato kafar da ake bari a gindin katanga, ruwa ya shigo ta sama ya fita ta ƙasa, gida gida, har ya kai teku. Gidan su Maman Keziya shi ne na shida. Na bakwai kuwa na wata tsohuwa ne, matar wani masunci da ya daɗe da rasuwa, ɗakinta yana jingine da katangarsu. Kowa Iya yake ce mata. Ita ce ta ba Maman Keziya tukunya ranar da suka sauka, ita ce kuma ta koya mata gyaran kifi.

Iya tana da wata igiya a rataye a ƙofar ɗakinta. Wata rana Maman Keziya ta tambaye ta amfaninta.

Iya ta ce, "Da ita nake jiran ruwa, 'yata. Ran da gishirina ya yi danshi a ƙwarya, in yi ƙulli ɗaya. Ran da fararen tsuntsayen teku suka baro ruwa suka sauka a kan ɗakunanmu, in yi na biyu. Ran da na farka na ji rurin teku kamar a bayan ɗakina yake, in yi na uku. Daga nan sai in ɗauki sandata in bi gida gida, kowa ya share rariyarsa."

Maman Keziya ta yi murmushi saboda ladabi. A ranta kuwa ta ce, kaka ta wuce, wane ruwa kuma?

Ana nan, sai ran nan da hantsi tana wanke kwanoni, ta juya ta ga maciji ya shigo ta rariyar ƙasa, ga Keziya tana rarrafe ta nufe shi tana dariya. Ta fizge yarinyar, macijin ya koma ta inda ya fito. Da yamma ta nemo dutse ta cusa a rariyar, ta kwaɓa laka da ciyawa kamar yadda ta ga uwarta tana yi kowace shekara bayan girbi, ta shafe wurin sumul. A garinsu haka ake yi. Akan toshe rariya da rani saboda maciji da ɓera, a buɗe ta in an ga hadarin fari.

Kashegari Iya ta ga aikin daga nata gefen, ta zagayo. A hannunta akwai guntun taru, ragar da ake kamun kifi da ita, an ninke shi.

Ta ce, "Na ji abin da ya faru, Allah ya tsare. Amma nan ba a toshe rariya. Cire dutsen ki ɗaura wannan, ninki uku. Ruwa zai wuce, maciji ba zai wuce ba. Dubi ta maƙwabtanki na sama, haka take."

Maman Keziya ta juya tarun ta ce, "Iya, abin da yake da huji dubu, shi ne zai hana maciji?"

"Maigidana ya kama abin da ya fi maciji santsi da shi," in ji Iya. "Daga tarunsa na yanko miki. Ba kowa nake ba ba."

"To, Iya. Na gode. Zan yi."

Ta shiga ɗaki ta tura tarun ƙarƙashin gado.

Bayan kwana goma Iya ta yi ƙulli na fari. Maman Keziya ta je ta taɓa nata gishirin, ta ji ya dunƙule yana manne wa yatsa. Amma ta ce ƙwaryar ce ba ta bushe ba, ta kai gishirin rana ta shanya.

Da dare ya yi, sai ta gaya wa mijinta zancen gishirin. Shi kuwa a gajiye ya dawo. Ya ce, "Ke da Iya kun koma duba da gishiri ke nan? Zuba mini shi a miya, can ne na san aikinsa. In rariyar ta dame ki, ki buɗe. In maciji ya dame ki, ki bari. Ke kike yini a gidan."

Bayan kwana huɗu tsuntsayen suka zo. Ta fito shanya ta gan su jere a kan ɗakinta, farare fat, sun juya wa teku baya. Ta ɗauki fartanya ta nufi katanga. Ta ɗaga ta ke nan, sai Keziya ta rarrafo ta kama zanenta. Ta dubi 'yan yatsun yarinyar, ta tuna macijin, ta ajiye fartanyar. Ta ce gobe. Don kada Iya ta leƙo ta ga ba ta ko taɓa ba, sai ta jera itacen girki a gaban wurin.

Daga ranar nan Maman Keziya ta fi kowa kallon sama a unguwar. Da safe ta duba ta wajen teku, da rana ta duba, da yamma ta duba. Ta san launin gajimaren da yake wucewa da wanda yake tsayawa. Ta san lokacin da iska ta juya. Har maƙwabta suka fara tambayarta ko su kwashe shanya. Duk abin da Iya ta koya mata ta iya shi, sai abu guda.

Ran nan da safe ta farka ta ji rurin teku kamar a tsakar gida. Ba a jima ba ta ji sanda a ƙofa.

"Maman Keziya, ƙulli ya cika uku. Kin cire dutsen nan? Daga gefena har yanzu laka nake gani, idona kuma ba na da ba ne."

Maman Keziya tana tsaye a bakin ƙofa, itacen yana bayanta. Ta ce, "Na fasa ta daga ciki, Iya. Saura ɓawon waje, ruwa da kansa zai ture shi."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka." Tsohuwa ta hau tudu da sandarta zuwa gida na biyar.

Maman Keziya ta ce a ranta, bari in je kasuwa in dawo, in ya so in buɗe da yamma Baban Keziya yana nan. Sama kuwa a lokacin garau take. Ta goya yarinyar ta tafi.

Tana cikin tayin kifi rana ta ɓace. Iska ta taso daga teku, ruwa ya biyo ta, irin wanda ba ta taɓa gani ba ko a tsakiyar damina. Ta bar kifin ta kama gudu. Da ta tura ƙofar gida, ruwa ya kai mata gwiwa. Ruwan gidaje biyar ya shigo, bai sami mafita ba. Itacen yana yawo a kai. Ta durƙusa da goyo a bayanta tana laluben rariyar, ta same ta, ta yi ta ƙwaƙula da farce. Amma lakar nan ta kwaɓu da kyau, ta bushe kamar dutse. Hannun da ya iya aiki ne ya yi ta.

Katangar ce ba ta iya jurewa ba. Maman Keziya ta ji ta motsa, ta ja da baya. Katangar ta kwanta ta wancan gefe, a kan ɗakin Iya, ruwa ya bi ta kai da ƙarfinsa duka.

Allah ya sa Iya ba ta ciki. Tana can gida na fari, ruwa ya tsare ta wurin taya wata mai jego share rariya. Da aka ɗauke ruwan ta sauko a hankali, ta tsaya inda ɗakinta yake a da. Mijinta ne ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta. Gado, da akwatin kayansa, da tarunsa da take ratayewa a bango, duk sun bi ruwa zuwa teku. A tsakiyar taɓon kuwa ga dutsen nan, lakarsa tana manne da shi.

Iya ta daɗe tana kallonsa. Maƙwabta suka taru. Maman Keziya ta zo ta durƙusa a cikin taɓo.

Iya ta ce, "Ina tarun da na ba ki?"

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ɗakinsu yana da dakali mai tsawo, ruwa bai hau ba. Ta jawo tarun daga ƙarƙashin gado ta kawo, a ninke yadda aka ba ta.

Tsohuwa ta karɓa ta shafa shi. Ta ce, "A bushe yake. Duk kayan maigidana, wannan kaɗai ya rage." Sa'an nan ta ce, "Tashi, 'yata, yarinyar nan ta jiƙe. Je ki canja mata riga."

Baban Keziya ya ce zai gina mata wani ɗakin. Amma ba a gini a cikin ruwa, ruwan kuwa wata uku yake yi. Kafin mako ya zagayo ɗan Iya ya zo daga wani gari mai nisa ya tafi da ita. Ranar tafiya ta kira Maman Keziya ta ba ta wata sabuwar igiya. Ta ce, "Na yafe miki. Kin fi su duka ido. Riƙe wannan." Iya ba ta sake dawowa ba, can ta rasu.

An ce har Maman Keziya ta yi furfura, ita take bin gidajen nan da sanda in ƙulli ya cika uku. Gida shida take bi. In ta zo kangon na bakwai sai ta ɗan tsaya, sa'an nan ta koma gida.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana da 'ya'yana, matar nan ba muguwa ba ce. Ƙaunar 'yarta ce ta sa ta toshe rariya. Abin da yake ba ni tsoro ke nan a labarin, domin da mugunta ce da sai mu ce ba da mu ake ba.

Macijin nan shi ne abin da muke tsoro. Kowace uwa a nan tana da nata, ta san shi. Dutse da laka kuwa dabararmu ce, wadda muka gada daga gida, muka ce haka aka saba. Tana iya yin daidai a can, ta yi ɓarna a nan. Ubangiji bai bar matar nan ba taimako ba. Ya aiko mata da Iya, ya aiko da taru har cikin hannunta. Amma taimakon Allah sau da yawa a idonmu huji ne da shi. Muna so a rufe ruf, mu ga babu ta inda wani abu zai shigo, shi kuwa yana cewa mu dogara gare shi mu bar hanya. Sai mu ce "To, na gode," mu tura ƙarƙashin gado.

Ku lura kuma, ba rashin sani ne ya jawo mata wannan ba. Ta taɓa gishiri, ta ga tsuntsaye, ta ji teku. Haka muke zuwa sujada kowace Lahadi, mu ji Maganar Allah, mu san wurin da take taɓa mu, har mu iya koya wa wasu. Mu ɗauki fartanya, mu ajiye, mu ce gobe. In wanda ya damu da mu ya tambaya, mu jera itace a gaban abin, mu ce an gyara.

Ku yara, ku ji wannan da kyau. Mu duka a jikin tudu ɗaya muke zaune. Abin da ka toshe a gidanka ba a gidanka zai tsaya ba. Keziya ba ta ji ciwo ba, ɗakinsu bai faɗi ba. Wadda ta ba su tukunya, a kanta katangar ta faɗi. Iya ta yafe, Allah ma yana yafewa, mun gode masa. Amma gafarar ba ta ta da ɗakin ba.

Saboda haka in akwai wanda ya gargaɗe ki ko ya gargaɗe ka a makon nan, uwa ce, ko malami, ko maƙwabciya, kada a jira yamma. In mun koma gida yau, kowa ya durƙusa ya duba ƙarƙashin gadonsa, tun sama tana garau.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya ba mu hannun yi. Amin.