Mutumin da Ya Shafa wa Motarsa Shawara Uku

Akwai gwajin da kan zo wa mutum sau ɗaya a rayuwa, wanda daga shi ake gane ko shi wane ne. Na mutumin da za mu ba da labarinsa yau ya zo ne cikin galan ɗaya da gwangwani biyu.

Akwai wani mutum manomi, mai tsoron Allah, mai kuma tsoron kowa. Ana kiransa Baban Kefas. Yana da tsohuwar mota a-kori-kura, wadda kan kai masara kasuwa, ta kai awaki, ta kai marar lafiya asibiti. Da tsatsa ta cinye ƙarfen bayanta har buhu ya fara leƙen titi ta ƙasa, sai ya sayi katakon maɗaci, kafinta ya shimfiɗa masa sabon bodi. Aiki ya yi kyau. Abu ɗaya ya rage, a shafa wa katakon abin da zai kare shi daga ruwan sama da gara da fitsarin awaki.

Matarsa Liyatu ita ce shugabar zumuntar mata a ikkilisiyarsu. A shekarar nan za a yi babban taron waƙa a wani gari mai ɗan nisa, matan kuwa sun ɗinka sabon anko, farin zane mai ɗigon shuɗi, wanda suka daɗe suna tanadi dominsa. Liyatu ta miƙe a gabansu ta ce kada kowa ta damu da batun mota, ta maigidanta za ta kai su, a kan sabon katako, fes kamar faranti. Mata suka rangaɗa guɗa. Magana ta fita, ba ta komawa.

Sai ga mahaifin Liyatu ya zo da galan a hannu. Tsoho ne da ya tuƙa babbar mota tun zamanin da bodin katako ke yayi, kuma bai yarda an ƙirƙiro wani abin kirki ba tun daga lokacin.

Ya ce, "Baƙin mai. Tsoho, wanda aka juye daga inji. Ka ba katako ya sha ya ƙoshi. Gara in ta ji warinsa, komawa take ta gargaɗi 'yan'uwanta."

Liyatu ta ce, "Baba, mata ne za su zauna a kai da fararen zannuwa."

"A bar shi ya sha rana, a goge da toka, a shimfiɗa tabarma. Ko amarya ta zauna."

Baban Kefas na tsugunne, idonsa a ƙasa, kamar yadda ya kamaci mutum a gaban surukinsa. Ya ce, "To, Baba." A ranar ya shafa. Katako ya sha, ya yi baƙi, tsoho ya koma gida da farin ciki.

Ran Lahadi bayan sujada, Dattijo Irmiya, kafintan da ya yi aikin, ya ja shi gefe ya miƙa masa gwangwanin man sheƙi, wanda kafintoci ke ce wa banish. Ya ce, "Maɗaci ba a ɓoye shi. Allah ya yi masa zane, mu kuma sai mu rufe? Amma ka ji sharaɗi: katako ya zama fes, babu abin da ya taɓa shi kafin wannan."

Baban Kefas ya buɗe baki. Liyatu na tsaye daga nesa, ta ga ya buɗe, har ta fara gode wa Allah. Abin da ya fito shi ne, "To, Dattijo."

Da suka isa gida ta ce, "Baban Kefas, ka gaya masa ka riga ka shafa mai?"

"Bai tambaya ba."

"Ya ce kada komai ya taɓa katakon."

"Faɗa ya yi, ba tambaya ba. Mutumin da ya tsaya mana ranar aurenmu, in mayar masa da gwangwaninsa? Da wane ido?"

"Da waɗannan biyun da kake kallon ƙasa da su."

Ya ɗauki buroshi ya shafa banish a kan baƙin mai. Daga bakin titi abin na sheƙi, Dattijo Irmiya ya wuce a kan kekensa ya ɗaga hannu don yabo. Daga kusa kuwa bai bushe ba, bai kuma nuna alamar yana da niyya ba. Ƙuda ya sauka, ya zama ɗan gida. Kaza ta hau, ta sauko da ƙyar tana ƙorafi. Wani ƙadangare ya hau da hantsi, har rana ta take yana nan wuri ɗaya yana gyaɗa kai.

Liyatu ta nuna shi ta ce, "Ga ɗan'uwanka can. Shi ma 'to' yake cewa."

Ta ce masa ya nemo abin kankara ya kankare duka, ya zaɓi guda ya tsaya a kai, kowanne ne, ita ba ta da gwani.

Ya ce, "In Baba ya zo ya tarar an kankare masa mai fa?"

"Ka ce ni na sa ka."

"Shi ke nan, na raba uba da 'yarsa."

"To ka bar man, ka gaya wa Dattijo gaskiya."

"Shi ke nan, na raba kaina da ikkilisiya."

Liyatu ta shiga ɗakin girki ta daka yajin da ba ta bukata.

Kashegari ya tafi kasuwa wurin abokinsa Malam Tanimu mai sayar da fenti, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara. Tanimu bai bar shi ya gama ba. Ya ce, "Kai da wahalar da kai. Fenti. Kore shar, irin na motocin haya. Fenti rufewa yake, in dai ƙasan a bushe yake. A bushe yake ko?"

Baban Kefas ya ce, "Da sauƙi."

Wannan amsa ce da ake ba mai gaishe da majinyaci, ba mai sayar da fenti ba, amma Tanimu na da masu saye a tsaye, ya ɗauke ta a matsayin i. Baban Kefas ya dawo da gwangwani na biyu.

Liyatu ta dubi gwangwanin, ta dube shi. Ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah, wanne ka zaɓa?"

Ya ce, "Duk mutanen kirki ne."

"Ko miya ba a yi mata haka. Kuka da kuɓewa da taushe a tukunya ɗaya, don kada a ɓata wa ganye rai."

Ya shafa fentin. Abin mamaki, samansa ya bushe, ya yi fata, ya yi kyau kamar filin ƙwallo da damina. Ranar tafiya da sanyin safe Liyatu ta sa yatsa ta taɓa, ba abin da ya biyo ta. Duk da haka, da yake ta san wanda ta aura, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Mata suka hau da tulunan kiɗansu da kacau-kacau, fari tas kamar balbelu, aka yi addu'a, mota ta tashi.

Rana ta ɗaga. Katako ya yi zafi. Wani wari irin na garejin bakanike ya fara tasowa, mata suka ce daga injin ne. Can a tsakiyar hanya Kaka Asabe, wadda ta fi kowa tsufa a zumuntar, ta ce, "Liyatu, mijinki ya gyara motar nan. Da, in an faɗa rami sai mu yi sama mu dawo. Yau ko gezau."

Mata suka ce lalle haka ne, suka gode wa Ubangiji. Liyatu ba ta ce amin ba. Ta ɗan motsa a inda take zaune, ta ji inda take zaune bai motsa ba.

Da suka isa, Baban Kefas ya sauko ya buɗe bayan mota. Ba wadda ta tashi. Kowace na tsammanin sauran na jiran babba ta fara, bisa ga ladabi.

Kaka Asabe ta ce, "Ni kuke jira? Ni ma ni nake jira."

Zafi da nauyi sun fasa fatar fentin, abin da ke ƙasa ya tsatso ta saƙar tabarma. Tabarma ta manne da mota, mata suka manne da tabarma. Aka yi ta ja, ɗaya bayan ɗaya, kowace na tashi da ƙara irin ta feɗe akuya. A bayan kowane farin zane kuwa ga saƙar tabarma nan ta fito raɗam, kore da baƙi, ba a rasa ko layi ɗaya ba. Aka sa ruwa, abin ya bazu. Aka sa sabulu, ya ƙara bazuwa, da kumfa.

Al'adar taron ita ce kowace zumunta ta shigo da rawa, ta zagaya gaban jama'a, sa'an nan ta tsaya ta yi waƙa. Matan Liyatu suka shigo ta jikin bango, a karkace, kamar kaguwa. Suka tsaya suka yi waƙarsu, murya lafiya lau. Da suka gama, suka fita da baya da baya, tuluna a hannu. Wani baƙon fasto ya miƙe ya yaba musu, ya ce a duk zumuntar da ta zo su kaɗai ne ba su juya wa bagade baya ba, kowa ya yi koyi da tawali'unsu. Liyatu ta karɓi yabon da haƙoranta a datse.

A hanyar dawowa mata suka tsaya a tsaye, suna riƙe da juna. Da aka sauka Kaka Asabe ta dafa Liyatu ta ce, "Baɗi ma ki yi mana alkawari, 'yata. Amma ki yi mana na jaki."

Labari ya riga su isa gari. Da yamma mutum uku suka tsaya kewaye da motar, kowa ya ga aikin ɗan'uwansa a karo na farko. Mahaifin Liyatu ya ce ashe an raina mansa har an lulluɓe shi. Dattijo Irmiya ya ce shi da bakinsa ya ce fes. Malam Tanimu ya ce shi ma ai ya tambaya. Baban Kefas ya bi su da "to" ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama hanyarsa da fushi.

Liyatu ta ce, "Kana gudun ɓata wa mutum ɗaya rai. Yanzu ka samu uku, da mata cike da mota, da ni a matsayin gyara."

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: katakon nan zuciyar mutum ce, abin shafawa kuwa maganganun da muke karɓa. Ku lura, ba wanda ya yi wa mutumin nan ƙarya. Baƙin mai na kare katako, banish na karewa, fenti na karewa. Da ya ɗauki kowanne shi kaɗai, da mata sun sauka lafiya. Abin da ya ɓata aikin shi ne yana tsoron fuskar mutane fiye da yadda yake ƙaunar gaskiya, shi ya sa ya ɓoye wa kowa abin da ke ƙasa.

Kunya abu ne mai kyau, ba na musu. Da ita aka raine mu, kuma na ga gidajen da aka rasa ta, ba na yi wa kowa fatansu. Amma kunyar da ke hana ka cewa, "Baba, na gode, wani zan yi," ta daina zama ladabi, ta zama ƙarya mai tsugunne. Allah bai umarce mu mu gamshi kowa ba. Ya umarce mu mu faɗi gaskiya cikin ƙauna, maganarmu ta zama ɗaya a gaban suruki da dattijo da aboki.

Akwai a cikinmu mai cewa amin ran Lahadi, ya ce amin ran Talata a wurin boka, ya ce amin ran Asabar a majalisar tsegumi, yana ganin ya zauna lafiya da kowa. Akwai mai riƙe da tsohuwar gaba da ɗan'uwansa, bai kankare ta ba, ya shafa mata murmushi, ya ɗora mata waƙar yabo a sama. Da sanyin safe in ka taɓa, a bushe yake. Bari rana ta yi zafi, bari a ɗora masa nauyi. Abin da ke ƙasa ba ya zama a ƙasa don an yi masa kore. Tuba kankarewa ce har a kai ga katako, kuma ban taɓa jin wanda ya ji daɗinta yana cikin yi ba.

Ku kuma lura da wanda ya biya. Mai "to" yana gaba yana tuƙi, rigarsa fes. Waɗanda suka amince da shi ne suka zauna a kai. Haka take kullum: matarka ce, 'ya'yanka ne, ikkilisiyarka ce ke tashi da tambarin abin da ka kasa faɗa.

Wani zai tambaya ko mutumin ya koyi darasi. Ni dai abin da na sani nake faɗa. Tabarmar na nan manne a bayan motar. Baban Kefas ya fara tambayar mutane yadda ake cire ta, kuma ya riga ya samu shawara uku.