Dattijon da Aka Hana Raba Gurasa

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari na jihar Ohio, ana ce masa Gordon Amsbaugh. Shi ne magatakardan majalisar dattawa a cocinsu na Presbyterian, shi ne kuma shugaban kwamitin da aka kafa don a jawo masu buƙata ta musamman cikin hidimar coci.

Babu taron horarwar da bai je ba. Ya dawo da littattafan jagora, ya sa aka buga waƙoƙi da manyan haruffa, aka yi gangara a ƙofar shiga domin masu keken guragu.

Verna Kessler, wadda ta daɗe tana zama tare da shi a majalisa, ta karanta littattafan nan duka. Ta lura shi bangonsu kawai ya sani.

Ana nan sai jama'a suka zaɓi Russell Teague ya zama dattijon coci. Tsohon direban babbar mota ne, hatsari ya zaunar da shi a keken guragu. Gordon ya fi kowa tafi.

A cocin nan, ranar Jibin Ubangiji ba a fitowa gaba a karɓa. Dattawa ne ke hawa matakala zuwa tebur, su ɗauko farantan gurasa da ƙananan kofunan ruwan inabi, su bi layi-layi suna miƙa wa jama'a. Tun da aka naɗa Russell wannan ranar yake jira.

Da aka zauna rabon aiki, ba a kira sunansa ba.

Ya ce, "Gordon, ni fa?"

Gordon ya yi murmushin da yake yi wa yara. "Ɗan'uwa Russell, mun tanadar maka abin da ya fi haka. Kai za a fara kawo wa. Girmamawa ce."

"Shekara goma ana kawo mini. Zaɓena aka yi in ba wasu."

"Ga matakala, ga faranti da nauyi. In ya kife fa? Komai sai da tsari. Za mu miƙa maganar ga kwamiti."

Russell ya yi dariya. "Kwamitin da ke zama a bene, inda kekena ba ya hawa? Ka gaishe su."

Ɗaya daga cikin dattawan na gyara tabarau, ɗaya na duban agogo. Ran Verna ya ɓaci. Mutanen nan ne suka ɗora hannu a kan Russell suka yi masa addu'a, ga shi ana ce masa ya zauna ya buɗe baki, sun yi shiru.

Ranar Lahadi Verna ta hau wurin tebur tare da sauran dattawa. Fasto ya miƙa mata farantin gurasa. Ta sauko, ta nufi inda keken Russell yake, ta ɗora masa a cinya.

Ta ce a hankali, "Ɓangaren dama naka ne. Kada ka yi gudu, ba babbar hanya ba ce."

Ya ce, "Matsa, tsohuwa."

Ta zauna a benci kamar kowa. Daga sama Gordon na zare mata ido, leɓensa na motsi. Ta kawar da kai.

Russell ya tura keken da hannu ɗaya, ya dafe farantin da ɗayan. Tafiyar ta yi jinkiri, har mai kiɗa ta sake maimaita waƙa. A bakin kowane layi yakan tsaya ya ce, "Jikin Almasihu, dominku." Babu abin da ya kife.

Al'adarsu, dattawa ne ke karɓa a ƙarshe, a can sama. Sauran farantai sun koma babu komai, na Russell ne kaɗai da sauran gurasa. Ya tsaya a gindin matakala yana jira.

Fasto ya dubi farantin, ya sauko. Dattawa suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Gordon ya rage shi kaɗai a bayan tebur, jama'a duka na kallonsa.

Bai da yadda zai yi. Ya sauko, ya miƙa hannu daga tsaye, kansa a sama. Russell bai ɗaga farantin ba.

Sai da Gordon ya sunkuya.

Russell ya ce, "Dominka ma, ɗan'uwa."

Darasi: Buɗe wa mutum ƙofa ba shi ne karɓarsa ba. In ka yarda ya shigo amma ba ka yarda ka karɓi komai daga hannunsa ba, ado ka mayar da shi. Ku tura wa duk wanda ke jagorantar jama'a, ko ya duba wa ya zaunar da sunan girmamawa.