Tsaya-Haka da Lens Mai Kuɗin Mota

Akwai wani mai ɗaukar hoto da duk layinsu ba a san shi da wani suna ba sai Tsaya-Haka. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko jariri aka kawo masa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya haka!" Shekara ashirin da shida yana sana'ar, kuma tsakani da Allah ya iya. Matsalarsa ɗaya ce, ya san ya iya.

Shagonsa ɗaki biyu ne. Na gaba shi ne wurin ɗauka, akwai labule mai zanen furanni, da fitilu biyu masu lema, da doguwar kujera. Na ciki kuwa na matarsa ne, Maman Biyu. Ita ke zama gaban kwamfuta ta tace hotunan, ta wanke, ta sa a firam.

Kyamararsa ba irin ta kowa ba ce. Babba ce ta ƙwararru, mai faffaɗan ciki, wadda za a wanke hotonta ya kai tsawon ƙofa bai fashe ba. Lens ɗin da ke bakinta, wato gilashin da haske ke bi ya shiga, ya shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Da yatsunsa yake murza zoben lens ɗin har fuskar mutum ta fito tar, sannan ya danna. Da wannan yake taƙama, yana cewa masu barin inji ya saita musu ba masu hoto ba ne, masu danne-danne ne.

To, wajen shekara guda ke nan hotunansa suka fara fitowa dishi-dishi. Mutum ya karɓi hotonsa, ya karkata shi hagu, ya karkata shi dama, ya biya ya fita, ba ya sake dawowa. Abin da ya rufa masa asiri shi ne Maman Biyu. In ya ɗauki goma, sai ta tono ɗaya mai dama-dama ta yi ta gyara har wuyanta ya ƙage.

Ana cikin haka wani tsohon abokin cinikinsa, Injiniya, ya zo. Shekara ashirin yana kawo iyalinsa shagon. Ya ce nan da wata biyu 'yan ɗakinsu su bakwai za su haɗu, abin da rabon da a yi tun rasuwar mahaifinsu. Kowa na can inda neman abinci ya jefa shi, kuma kwana ɗaya tak za su yi tare.

"Tsohuwa ce ta roƙa," in ji Injiniya. "Tana son hoto ɗaya, ita a tsakiya, mu bakwai a gefenta. Babba, wanda za ta gani daga kan gadonta. Amma Oga, na bara da ka yi wa yarana bai fito yadda ka saba ba."

"Laifin lens ne, ya tsufa," Tsaya-Haka ya ce. "Kafin ranar za ka ga canji."

Dama kamfanin da ke ƙera lens ɗin ya fito da sabon samfurinsa, kuma tuni Tsaya-Haka ya haddace bayaninsa kamar karatun jarrabawa. Ya fi tsohon fitar da gefe-gefen hoto. Hasken fitila ba ya damunsa. Yana buɗewa sosai, har bayan mutum ya narke ya bar fuska ita kaɗai. Sannan yana da ɗan inji a ciki mai saita kansa. Kuɗinsa kuwa ya kai na ƙaramar mota mai lafiya.

Da ya kawo wa matarsa maganar, sai ta juyo da kujerarta.

"Baban Biyu, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba?"

"In kin san ta fushi ce, ki riƙe abarki."

"Lens ɗin nan lafiyarsa lau. A kowane hoto akwai wurin da ya fito tangaran, sai dai ba fuskar ba ce. Wani lokaci kunne, wani lokaci hannun kujera. Kuma na ga yadda kake miƙa waya can nesa kafin ka karanta saƙo. Mu je a duba idonka."

Jama'a, da ma marinsa ta yi, da ya fi sauƙi.

"Idona? Da idon nan na aure ki, da shi na gina gidan da kike kwana! Ke da ko riƙe kyamarar ba ki iya ba?"

"To aro sabon na kwana ɗaya. Ka ɗauka da shi, ka ɗauka da tsohon, in wanke mu gani."

"Ni za a yi wa jarrabawa?"

Abin da bai gaya mata ba shi ne, a gefen inda ake leƙawa a kyamarar akwai ɗan maɓalli da ake murzawa don ya dace da ƙarfin idon mai ɗauka. Tun bara ya murza shi har ya ƙure. Zuciyarsa ta san da maganar, amma tsoro ya hana shi kallonta. Mai hoto mai shekara hamsin da huɗu in ya ce idonsa ya yi rauni, gani yake kamar ya ce a rufe shago.

Ya hau dokin naƙi. Ya kwashe abin da suka tanada don canza injin wankin hoto, wanda ke shaƙe takarda sau uku a rana. Bai isa ba, sai ya sa tsohon lens ɗin a kasuwa.

Wadda ta saya ita ce mai shagon hoto na tsallaken titi. Shekararta takwas a layin, amma har lokacin Sabuwar-Zuwa yake kiranta. Ta sayi irin kyamararsa ta hannu, tana neman lens. Ta duba shi a hasken rana, ta juya, ta sake juyawa.

"Oga, ka tabbata sayarwa za ka yi?"

"Ɗauki ki je ki koyi aiki da shi," ya ce. "Ya dace da ke."

Sabon lens ya iso cikin akwati mai soso. Nauyinsa ya kusa ninka na tsohon. Abu na farko da Tsaya-Haka ya yi shi ne kashe injin da ke saita kansa.

"Ka bar shi a kunne mana," in ji Maman Biyu. "Ai har da shi ka biya."

"Ni inji zai nuna wa inda idon mutum yake?"

Ranar ta zo. Da hantsi motoci uku suka tsaya a ƙofar shago. Aka shigo da tsohuwa a hankali, ana riƙe da ita ta kowane gefe. Ta haura casa'in, ba ta iya dogon zama. 'Ya'yanta bakwai, duk da furfurarsu, suna ta ture-ture a kan wa zai zauna kusa da ita kamar yaran firamare.

Maman Biyu ta fito da wata doguwar waya a hannu. Ta raɗa masa cewa ya bari ta jona kyamarar da kwamfuta, duk abin da ya ɗauka ta gani nan take a babban allo.

Ya dube ta a gaban baƙi ya ce, "Koma ɗakinki. In na gama zan kawo miki."

Ta koma, amma abin ya yi mata ciwo.

Ya jera su, ya gyara fitilu. Don ya nuna bajintar sabon kayansa, sai ya buɗe lens ɗin har ƙarshe. Masu sana'ar sun san in aka yi haka, wurin da zai fito fes ba ya wuce faɗin tafin hannu. In ka kuskure kaɗan, ka kuskure duka. Ya leƙa, ya murza, ya ɗaga yatsa.

"Tsaya haka!"

Sau uku kawai ya danna. Ya duba ɗan allon bayan kyamara ya gyaɗa kai, ya manta cewa da idon da ya ɗauka da shi yake dubawa.

"Shi ke nan?" Injiniya ya tambaya.

"Mai kayan aiki ba ya wahalar da tsofaffi."

Tsohuwa ta sa masa albarka, aka fita da ita.

Bai kai wa matarsa katin kyamarar da hotunan ke ciki ba sai da yamma, don ya tsaya nuna wa maƙwabta lens. Ta buɗe hoton farko. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Sai ta ɗora hannu a ka.

Gaskiya lens ɗin ya yi aikin kuɗinsa. Labulen da ke bayansu ya fito raɗau, kowane zare ana iya ƙirga shi, har da wani ɗinki da aka yi masa shekarun baya. Fuskoki takwas kuwa kamar ana kallonsu ta gilashin mota mai raɓa.

"Ki gyara," ya ce.

"Abin da bai shiga ba, ba ni da inda zan samo shi."

Gumi ya karyo masa. Ya ɗauki waya ya kira Injiniya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya faɗa. Sai Injiniya ya ce:

"Oga, huɗu sun riga sun kama hanya. Babbar yayarmu tana cikin jirgi yanzu haka. Me zan ce wa tsohuwa?"



Washegari da safe yana tsaye a ƙofar shagonsa ya ga motar Injiniya ta tsaya a tsallake. Aka shiga da tsohuwa da 'ya'ya ukun da suka rage wurin Sabuwar-Zuwa. Injiniya ko waiwayowa bai yi ba.

Kwana uku yana cin abinci ba ya jin ɗanɗanonsa. A na huɗu ya haɗiye girman kai ya tsallaka titi. Ya tarar Sabuwar-Zuwa tana sa hoton tsohuwa a firam. Ya ja baya, ya ƙanƙance ido, ya sake ja da baya har ya samu inda yake gani. Duk da raunin idonsa ya gane aikin ya fita, har ƙyallin idon tsohuwa ya fito.

"Da wane lens?"

"Da naka, Oga."

Ya nemi kujera ya zauna.

"Ke ba ki yi sha'awar sabon ba?"

"Na yi mana. Na je na gwada shi a wurin mai sayarwa, na ɗauki abu ɗaya da shi da kuma irin tsohon, na wanke duka. A girman da mutanena ke saye, na kasa bambance su. Sai da na wanke ƙato, na sa hanci a kusurwa, sannan na ga ya fi. Ga mai yin hoton allon talla, ya ci kuɗinsa. Ni kuwa a shekara sau nawa ake ce mini a yi mai girman ƙofa? Shi ya sa da na ji kana sayar da naka har bacci ya ƙi zuwa mini don murna."

Ba ta yi masa gori ba, ruwa ma ta kawo masa. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Da ya koma shago, ya leƙa ɗakin ciki. Injin wanki ya sake shaƙe takarda, Maman Biyu tana ja da hannu biyu.

"Ɗauko mayafinki," ya ce a hankali. "Raka ni asibitin ido."

Gwajin bai kai rabin awa ba. Likita ta ce shekaru ne kawai, ba wata cuta, da ya zo tun bara da an wuce wurin. Kuɗin tabarau ɗin da ta rubuta masa bai kai na jakar da yake ajiye sabon lens a ciki ba.

Bayan kwana biyu suka je karɓa. Ya sa, ya ƙifta ido, ya juyo ya kalli matarsa. Ya daɗe yana kallonta har ta tsargu.

"Lafiya?"

"Maman Biyu, yaushe kika yi furfura haka?"

"Shekara guda ke nan," ta ce. "Wajen gyaran hotunanka na samo ta."

Ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. A nan gaban mai ba da tabarau ya kama hannunta ya ce ta yafe masa.

Ta yafe. Aiki ya dawo, hotunansa suna fita yadda suka saba. Amma Injiniya bai sake taka shagon ba, kuma har yau 'yan ɗakin nan bakwai ba su sake haɗuwa ba. Hoton da ke gaban gadon tsohuwa na 'ya'ya uku ne.

Darasi: Sabon kayan aiki yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma ba zai gyara matsalar da ke jikinka ba. Kafin ka zuba kuɗi, gano inda ciwon yake, ka gwada ka gani ko aikinka na buƙatarsa. In na kusa da kai ya gaya maka gaskiya mai ɗaci, saurare shi tun asarar ba ta shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɗora wa kayan aikinsa laifi, wataƙila ku cece shi kafin ya shiga kasuwa.