Zoben da Ya Yi Shuɗi a Zauren Hakimi

An ce Hakimin Kwarin Gawo yana da amini, Alhaji Ilu mai fata, wanda ya kawo masa tsarabar zoben azurfa mai lu'ulu'u. Ranar da aka rataya sabuwar fitilar kashe ƙudaje a zaure, Hakimi ya miƙa hannu kusa da ita, sai dutsen ya ɗauki wani haske shuɗi. Fadawa suka ce sammu ne. Hakimi ya cire zoben, ya ce manzo ya mayar wa mai shi, ko da yake ya san ƙarshen amincin shekara talatin ke nan.

Tsoho Tanimu, maƙerin azurfar gidan, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin manzo ya tashi, ko ka ji abin da ya faru tsakanin Hajiya Zulai da wani ango?"

Hakimi ya ce, "Faɗi, amma a taƙaice."

Tanimu ya ce, "Na yi aiki a shagonta na kayan ado a Jos. Wata rana ango ya dawo da ɗan kunnen amaryarsa mai lu'ulu'u, wai ya yi shuɗi a ƙarƙashin irin wannan fitila, yana tsoron ya ci mata kunne. Hajiya ta ce, 'Zauna, ɗana, ka ji labarin Malam Tsantseni.

"'Shi Tsantseni ya sayi fitilar nan, ya rantse duk abin da ya yi haske a gabanta guba ce. Farar rigarsa da aka wanke da omo ta yi haske, ya ƙona ta. Takardun makarantar 'ya'yansa suka yi, ya zuba su a masai. Ya tsaya yana murmushin ya tsarkake gida, sai matarsa ta miƙo madubi, ta ce, Malam, ga haƙoranka ma, in kira wanzami?'

"Ango ya yi dariya. Hajiya ta ce, 'Kusan ɗaya cikin uku na lu'ulu'u haka Allah ya yi shi. Hasken fitilar yake karɓa ya mayar. A kashe ta, ya koma yadda yake, ba ya cutar da fata.' Ranka ya daɗe, ango bai yi asarar komai ba, don ya yi tambaya kafin ya yanke."

Hakimi ya ce, "To, darajarsa fa?"

"Gaskiya, in shuɗin ya yi yawa, 'yan kasuwa sukan rage masa farashi. Amma wannan naka mai ɗan ruwan ɗorawa ne, shuɗin ke ƙara masa fari a rana. Wanda ya zaɓe shi ya ɗauki lokaci yana dubawa."

Hakimi ya fita tsakar gida, ya juya zoben a rana, ya daɗe yana kallo. Ya mayar da shi yatsa.

Ya ce, "Allah ya saka maka, Tanimu. Ku ce wa manzo ya zauna. Ni zan je gidan Ilu da ƙafata, don har yau ban yi masa godiyar kirki ba."